Lita Tamanin

Shekara tara na yi a Sharaɗa,
kamfanin roba, tebur na uku daga ƙofa.
Na rubuta shawara, shafi goma sha ɗaya,
na miƙa wa manaja da hannu biyu.
Ya ce, "Madalla, za mu duba."
Ranar da na ajiye aiki na hango ta
ƙarƙashin kofin shayinsa,
shatin gindin kofi ya zagaye sunana.

Ni da Tasi'u muka kama shago a Dakata:
injin markaɗe na gwanjo, firiza biyu, benci.
Kunun aya a gora, da tambarinmu.
Barira ce ta zana tambarin,
ita ce kuma ta sayar da 'yan kunnenta.
Ba ta faɗa mini ba.
Kunnen na gani.

Aya daga Dawanau, a wanke, a tsince tsakuwa,
dabino, kwakwa, citta kaɗan.
Wanda bai taɓa sana'ar nan ba bai sani ba:
kunun aya ba ya jiran sarki, balle talaka.
Daren wata Laraba aka ɗauke wuta,
janareto ya yi tari sau uku, ya yi shiru.
Kafin kiran assalatu lita tamanin sun juya,
goruna sun kumbura suna huci.
Muka tuttular a kwata.
Har azahar layinmu na warin jarinmu.

Masu haraji kashi uku, kowa da kalar rasit ɗinsa.
Lambar hukuma ta ci wata bakwai da takalmi ɗaya.
Littafin bashi kuwa dangi ne zalla:
"Haba, ai na gida ne."
Na gida ya sha, na gida ya yaba,
na gida ya daina ɗaga waya.

Muka je Singa wajen Alhaji Mamuda.
Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ƙara kurɓa.
"Kashi saba'in nawa, kuma a sauya suna."
Tasi'u ya taka ƙafata: karɓi.
Na ce sai mun yi shawara.
A Adaidaita Sahu ba wanda ya ce uffan.
Ran Asabar ya zo da kura ya ɗauki firizarsa.
Ban ga laifinsa ba, 'ya'yansa huɗu.
Har yau muna gaisawa a wurin ɗaurin aure,
gaisuwar da ba ta tambayar kasuwa.

Ɗanliti mai kai mana kaya
ya haddace awon dabino, ya buɗe nasa a Yankaba,
tambarinsa ƙanin nawa ne, uwa ɗaya.
Na kwana ina ƙuna.
Da safe na tuna ni ma a wajen gwaggona na sata.

Yanzu shekara biyar.
Faranti shida na sola a kan rufi,
ba su gama biyan kansu ba.
Ma'aikata goma sha uku,
ƙarshen wata na zuwa mini kamar mai bin bashi,
ba sallama.
Da muna biyu, na san nauyin kowace gora.
Yau sai an kawo mini lissafi
nake sanin abin da ke faruwa a ɗakin da na share da hannuna.

Jiya Rakiya mai tace kunu
ta tsaya bakin ƙofa, hannunta da danshi,
da takarda ta yage daga littafin ɗanta:
dusar ayar da muke zubarwa,
a shanya, a niƙa, masu kiwo za su saya.
Waya na kunnena, dillalin aya na ƙara farashi.
Na ce, "Madalla, za mu duba."

Ta juya. Ta kai bakin famfo.
Sai na ji muryar da ta fito daga bakina,
na san mai ita.
Na duba tebur.
Na ɗaga kofin.
Shatin bai kai ga sunanta ba tukuna.

"Rakiya! Dawo.
Buhu nawa kika ce a sati?"